Rana a Kan Ruwan Pampatar

Daga Ledis, Bocachica, zuwa ga Wilfrido, Pampatar. Satumba.

Wilfrido, ni ce, Ledis. Kana jina? An ce in jan idon nan ya kama, to yana ɗauka. To, ya kama. Rikodar maƙwabta na aro. Doña Petrona za ta kawo maka kaset ɗin in ta haye Venezuela da kayan sayarwarta. Ni kunya ma nake ji, kamar mai hira da tukunya. Amma gara haka da in kai wa wani ya rubuta mini, ya ji cikina, ya ƙara nasa.

Ina gaishe ka. Ina fatan tarin nan ya sake ka. Mu lafiya lau, sai Nelsi da haƙora ke fito wa, biyu a ƙasa. Duk abin da ta samu sai baki, jiya kan kifi na ƙwace a hannunta. Ta fara kama bango tana miƙewa. Da ka tafi ko zama ba ta iya ba. Inna Eufemia tana gaishe ka. To, ba ta ce haka ba. Cewa ta yi, "Ki gaya wa mai hoton nan ba a dafa hoto." Ka san bakinta. Ita ta raine ni, a gidanta nake, ba ni da ta cewa.

Ina zuwa tsohuwar ganuwar bakin teku da tiren soyayyen kifi da agada duk ranar da jirgin baƙi ya zo. Wurinka, gefen igwar nan mai tsaga, wani ya kama shi, da kyamara irin taka mai tofo hoto nan take. Bai iya ba, Wilfri. Yana tsayar da Turawa rana na bayansu, su fito baƙi ƙirin kamar mu, su ƙi biya. Mata suna ta yi masa dariya. Ni ba na ma duban wajen, ta ɗaya ƙofar nake shiga.

To, ga abin da ya sa na aro abin nan. Doña Ubaldina ta zo daga Barranquilla ran Lahadi, wai ta zo ganin Nelsi, 'yar da ta riƙe a baftisma. Ta kawo riga da takalma. Yini guda Nelsi na kan cinyarta, ko sauke ta ba ta yi ba. Ka san Allah bai ba ta haihuwa ba. Da za ta tafi sai ta kama hannuna ta ce, "Komadre," yadda muke kiran juna tun baftismar nan, "ki ba ni ita in riƙe. Ɗaki nata, makarantar sistoci in ta girma, ga likita a bakin titinmu. Ke kuma gidan ƙanwar maigidana a Bocagrande suna neman mai aiki, ci da kwana duk can. Sai dai ba sa son mai goyo."

Kafin in buɗe baki Inna ta ce, "Me kike jira? Namijin da ya haye Venezuela ko uwarsa ba ta ajiye masa abinci. Ubanki ma cewa ya yi zai dawo."

Na ce mijina zai zo bikin Nuwamba, shi ya faɗa da bakinsa. Da ƙarfi na faɗa, har kaji suka watse. Doña Ubaldina ba ta yi fushi ba, ta ce in yi tunani, ba sauri take ba. Amma da jirginsu ya tashi sai na tsaya a bakin ruwa na kasa komawa gida. Ba don na yarda da Inna ba. Kawai dai na ga yadda Nelsi ta yi barci a ƙirjin matar nan, kamar can aka haife ta.

Ka gaya mini abin da zan ce musu. Kuma ka aiko mini da hotonka. Abin dariya, ka ɗauki rabin Turawan duniya, ni matarka ba ni da hotonka ko ɗaya. So nake in riƙa nuna wa yarinyar nan, kada ka shigo ta tsala ihu. Batir ya fara ja, muryata ta zama ta namiji ko? Allah ya tsare mini kai.

Daga Wilfrido, Pampatar, zuwa ga Ledis. Oktoba.

Ledis, 'yar baƙata. Na ji muryarki. A ɗakin wani masunci na saurara, shi ke da rikoda, ga abokansa zaune suna ta tsokanata, wai ashe ina da mai kuka domina. Har yanzu suna nan, ga su can suna leƙe. Ku fita mana, don Allah! Ba za su fita ba.

Lafiyata ƙalau, tari ya tafi. Ki gaida Inna, ki ce mata na ji, ba a dafa hoto. Ki sumbaci Nelsi a kan haƙoran nan.

Ganuwar nan ba ta kai tamu girma ba, amma a share take, igwoginta duk da fenti. Baƙi daga Caracas suke zuwa, ba sa ciniki, suna ganin hoto suna sa hannu a aljihu. Aiki na tafiya.

Nuwamba kuwa, ba zan samu zuwa ba. Kada ki ji haushi. Ba ni da takarda, in na fita ba za su bar ni in sake shigowa ba, kuma yanzu ne abu ya fara kamawa.

Hotona da kika ce, wa zai ɗauke ni? Ba na ba kowa kyamarata, kin sani.

Maganar Doña Ubaldina... Ledis, ni ban iya magana ba, balle ga mutane a kaina. Amsata tana cikin ambulan. Na ɓata fim da yawa kafin in samu wannan. Ki dube shi da kyau. Abin da rana take yi a cikinsa, shi ne halin da ni da ke muke ciki yanzu. Ki nuna wa Inna, ita ma za ta gane, bakinta ya mutu. Shi ke nan. Ku kashe abin nan.

Daga Ledis, Bocachica. Ƙarshen Oktoba.

Wilfrido. Ina gaisuwa. Mun gode Allah, muna nan. Nelsi ta yi zawo da zazzaɓi makon jiya, amma ta tashi.

Na buɗe ambulan. Na duba. Ga ganuwa baƙa, ga bakin igwa, ga teku ba ƙasa ko kaɗan a bayansa, ga rana ja zur, rabinta a cikin ruwa. Babu kai. Na juya bayansa ko ka manna wani abu, ba komai. Na sake sa kaset ɗin, na sake, har mai rikoda ta aiko a karɓa. Ka ce abin da rana take yi shi ne halinmu. Wilfri, faɗuwa take yi.

Ka san abin da ake nufi da wannan a garin nan. Kai ma ka sha faɗa. In jirgin masunta bai dawo ba aka gaji da jira, me tsofaffi suke cewa? Rana ta faɗa ruwa. In aure ya mutu, haka. Ka ce in nuna wa Inna, na nuna. Ta kai shi nesa da idonta ta daɗe tana kallo. Ko dariya ba ta yi ba, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Ta ce, "Ubanki ko sallama bai yi ba. Wannan aƙalla ya yi tasa da launi." Ta miƙo mini, ta ci gaba da gurza kwakwarta.

Na ce ba haka kake nufi ba. Na kai wa matan da muke talla tare. Ɗaya ta ce ƙila kyau kawai ya yi maka. Wata ta ce, "In kyau ne, me ya hana shi cewa ga abu mai kyau? Ai ya ce halinku ne. Kuma ya ce ba zai zo ba." Sauran suka shiga gyara tirensu. Wannan ya fi komai ci mini rai.

Da yamma na goya Nelsi na zagaya bayan ganuwa, wajen da ruwa ke dukan dutse. Na tsaya na jira. Da rana ta taɓa ruwa sai na ɗaga hoton kusa da ita. Ɗaya ne, Wilfrido. Ba bambanci ko na ƙwayar shinkafa. Jan ɗaya, hanyar hasken nan a kan ruwa ɗaya. Na tsaya har ta nutse. Ta hoton ce kawai ta ƙi nutsewa, tana nan rabi a waje, ta zuba mini ido.

Me na yi maka? In akwai, ka faɗa. In wata ce ka samu, ka faɗa, ba zan mutu ba. Amma da baki, yadda mutane suke yi. Ni ban yi makaranta ba, kada ka yi mini magana da hoto.

Ciwon Nelsi ya tsorata ni. Ruwan sama ake, teku ya tashi, ba mai kwale-kwalen da ya yarda ya haye da mu Cartagena sai da na durƙusa. A hanya idanunta suka kafe, na ɗauka ta tafi a hannuna. Ina riƙe da ita ina jin muryar matar nan a kunnena, ga likita a bakin titinmu, ga likita a bakin titinmu. Baƙi sun ɗauke ƙafa saboda ruwa, kifi kwana yake a tire, mu cinye abinmu. Inna ba ta kore ni ba, amma ta fara duban abin da nake zubawa a kwano.

Doña Ubaldina ta aiko, za ta zo Kirsimeti ta ji amsa. Kafin nan ka ce wani abu. Kalma ɗaya ta isa. Ka ce "riƙe ta", zan riƙe ta ko da ruwan kwakwa za mu sha. In na ji shiru, to na gane.

Daga Wilfrido, Pampatar. Nuwamba.

'Yar baƙata, yau ni kaɗai ne, na kore su. Ina gaishe ki, ina gaida Nelsi da Inna. Lafiya nake, har na yi ƙiba, shinkafar nan dai ba kwakwa a ciki, ba ta da daɗi.

Doña Petrona ba ta iso ba har yau, ban ji amsarki ba. Zan ba wani direba wannan ya kai gidan 'yarta a Maracaibo, inda take sauka, in ta juya ta tafi miki da shi.

Na san kin yi murna da hoton. Ina ta hango fuskar Inna! Kin ga yadda ranar ta fito? Tun duhu nake tashi dominta. Mai gadin ganuwa ya saba da ni, yana buɗe mini ƙaramar ƙofa, ni kuma in kawo masa kofi. In hau can sama kusa da igwa in zauna, ba kowa, sai jiragen masunta suna shigowa. Sanyi, Ledis, ga kewa. A nan nake tuna ku fiye da ko'ina. Sai ki ga gefen ruwa ya yi fari, ya yi ja, sai ga kanta ta leƙo. In kika yi jinkirin ƙiftawar ido ta wuce, ta zama rana kawai irin ta kowa.

To, abin da na so in faɗa a wancan kaset ɗin na kasa, gari ya waye mana. Wani mai kanti ya ga hotunan, ya ce zai riƙa buga su a kati yana sayar wa baƙi, ya ba ni aron babbar kyamara. Kuma na samu ɗaki a gidan wata tsohuwa da mijinta ya rasu. Na tambaye ta ko tana karɓar yara, ta ce gidan da ba kukan yaro ai kabari ne. Akwai bishiyar mangwaro a tsakar gida. Na riga na ga inda zan ɗaura wa Nelsi lilo.

Ki ce wa Doña Ubaldina mun gode, Allah ya ba ta nata. Ki ƙara haƙuri kaɗan.

Daga Ledis, Bocagrande. Janairu.

Wilfrido, ban san ko kana son jin muryata ba, amma haƙƙinka ne ka sani. Wani ma'aikacin jirgin kaya ya ce suna tsayawa a tsibirinku, zai neme ka a ganuwa. Rikodar mai gadin gidan nan ce, a ɗakin wanki nake, in ka ji ƙara injin ne. Ina fatan kana lafiya. Ni lafiya.

Na jira. Bikin Nuwamba ya zo ya wuce, ina jin ganguna daga ƙetare. Duk jirgin da ya tsaya sai na je bakin ruwa. Daga baya aka ce Doña Petrona ta faɗi a Maracaibo ta karye a ƙugu, tana kwance. Na ce to ƙila kaset ɗina bai isa ba, wanda na ce maka na ga rana tana faɗuwa a hotonka, na tambaye ka ko wata ka samu, na roƙe ka ka ce "riƙe ta" kawai. Inna ta ce, "Namijin da ke son magana, tsohuwa ɗaya ce hanyarsa a duk duniya?" 

Na ba da ita. Bayan Kirsimeti.

Ni na kai ta tasha da kaina. Na yi mata wanka, na sa mata rigar da matar ta kawo, takalman har sun matse ta. Doña Ubaldina ta zo da 'yar tsana. Nelsi ta miƙa hannu wajen 'yar tsanar, shi ke nan, ta koma hannunta. Ko kuka ba ta yi ba. Na so ta yi kuka, Allah ya yafe mini. Doña Ubaldina ta ce, "Komadre, ƙofata a buɗe take, duk ranar da kika so." Na ce to. Mota ta tashi, na ga bayan kanta ta taga, da ɗan kitson da na yi mata. Na tsaya a wurin har wani mai turin kaya ya ce, "Baiwar Allah, ko dai ki hau mota ko ki ba mu hanya."

Gidan nan can saman bene yake. Ba sa zagina. Akwai abinci. Ɗakina bayan kicin, gado ya cika shi. Nono bai daina zuba ba, da tsumma nake ɗaurewa, uwargidan ta ce in riƙa canja riga kafin in kawo abinci tebur. Ina farkawa ina laluben gefena.

Tagar falonsu teku take kallo. Kullum da yamma sai su kira baƙinsu su zo su ga faɗuwar rana, suna ta "kai, dubi kyau!" Ni ce mai kawo musu abin sha. Ƙasa nake kallo in ajiye in fita.

Ban yi fushi da kai ba. Na so in yi, ƙarfin ne babu. In wata rana ka ga dama, tana Barranquilla, kowa ya san kantin mijin Doña Ubaldina. Ka je ka gan ta. Tana da goshinka.

Daga Wilfrido, Pampatar. Fabrairu.

Ledis! Fitowa take! Fitowa take yi, Ledis, ba faɗuwa ba! Wayyo Allahna. A nan daga cikin teku rana take fitowa. Da asuba na ɗauki hoton nan, da asuba!

Mutumin jirgi ya same ni a ganuwa ina tsakiyar ɗaukar wasu, na bar su tsaye na ruga. Wannan kaɗai na samu, wancan da kika ce kin aiko ban gan shi ba. Na saurara na kasa tashi. Ni ne jaki. Ranar farko da na zo garin nan, na farka na ga rana a kan ruwa, na ɗauka barci na yi har yamma, na tashi ina salati ina neman takalmi, masunta suna dariya. Ni kaina! Amma na saba, har na manta cewa ke ba ki taɓa ganin ta fito ba sai daga bayan tuddan ƙetare. Na ɗauka na yi abin gwaninta. Da na buɗe baki na ce "riƙe ta" kamar mutum, ko da duk masuntan Pampatar za su yi mini dariya.

Babu wata. Babu kowa. Ɗaki ne da tsohuwa da mangwaro, na gaya miki a kaset ɗin da ke kwance a Maracaibo.

Ki je ki karɓo ta. Don Allah, Ledis. Ki bar aikin nan ki je. In Doña Ubaldina ta ƙi, ki sa mata muryata ta ji. Doña, ki yi mini rai, kuskurena ne, ba na yarinyar nan ba. Ledis, zan nemi hanyar da zan shigo da ku, ko ni in fito, kome zai lalace ya lalace. Jirgin nan sai ya zagaya wasu tsibirai kafin ya koma, ban san yaushe za ki ji wannan ba. Ki je dai.

Daga Ledis, Bocachica. Afrilu.

Wilfrido, ina gaishe ka. Muna gidan Inna, ni da Nelsi. Lafiyarta ƙalau, ta yi ɓul-ɓul, tana tafiya, har gudu.

Kaset ɗinka biyu kusan tare suka zo. 'Yar Doña Petrona ta kawo na Nuwamba, mutumin jirgi ya kawo ɗayan. Na Nuwamba na fara sawa. Kana ta dariya, kana zancen lilo da mangwaro, ni ina zaune a kan bokiti a ɗakin wanki. Ban san na yi ƙara ba sai da mai gadi ya buga ƙofa.

Washegari na ajiye musu aikinsu na hau motar Barranquilla.

Na tarar da su a tsakar gida. Nelsi tana bin wata kyanwa, da takalma farare. Na durƙusa na buɗe hannu na ce, "Nelsi, zo." Ta tsaya ta dube ni. Sai ta juya ta shige cikin siket ɗin Doña Ubaldina ta leƙo da ido ɗaya.

Doña Ubaldina tana ganin fuskata ta gane. Ta ce, "Komadre, da hannunki kika ba ni."

Na ce, "Na sani. A kan kuskure na ba ki."

Na sa mata muryarka. Ta saurara har ƙarshe. Na miƙa mata hoton, ta sa tabarau ta duba. Ta ce, "A kan wannan? A kan wannan abin?" Can ta ce, "Ni ma da na gani, faɗuwa zan ce." Sai ta zauna a bakin rijiya ta rufe fuska da hannu. Babbar mace, Wilfri, mai zobba. Ban san inda zan sa idona ba.

Ba ta yi faɗa ba, na so ma ta yi. Ta tashi ta shiga haɗa kaya, tana ninkewa tana gaya mini. Ba ta cin gwaiduwar ƙwai. In za ta yi barci sai an shafa mata kunne, na hagu. Tana tsoron ƙarar babur. In ta ce "tata" ruwa take so. Ina tsaye wata mace tana karanta mini 'yata, ni ina cewa to, to, kamar sabuwar 'yar aiki. A bakin ƙofa ta ce, "Ki bar ni in riƙa zuwa." Na ce ƙofata a buɗe take. Ban ma san na faɗa ba sai da ya fita.

Da na ɗauke ta ta sandare, ta tsala ihu. Tun daga Barranquilla har Cartagena ba ta yi shiru ba, tana dukan ƙirjina, tana miƙa hannu baya. Wata mata a kujerar gaba ta juyo ta ce, "Ke, 'yar waye kika ɗauko?" Na ce tawa ce. Ta ce, "Taki ce take miki haka?" Mutane suka fara juyowa. Sai da na buɗe rigata na nuna musu tsumman da na ɗaure nono da shi, sannan suka kau da kai. Na ba ta, ta ƙi kamawa. Ta manta.

Inna ta gan mu a ƙofa ta ce, "Kin bar aiki kin dawo mini da baki biyu." Na gaya mata zancen ranar. Ta ce, "Rana daga cikin teku? Ƙasar da rana ma ba ta san hanyarta ba, can ya ga dama ya je." Amma ta dafa shinkafa da kwakwa, ta ba Nelsi da hannunta. A hannun Inna tana ci, a nawa ba ta ci.

Na yarda da kai, Wilfri. Na san ba ƙarya kake ba. Ban ce laifinka ne kai kaɗai ba, ni ma da na ƙara jira. Amma kada ka ce in ƙara haƙuri, ba ni da saura. Ka zo, ko ka aiko a ɗauke mu, ka faɗi wata da bakinka yadda zan iya gaya wa mutane.

Tsaya. Ta farka daga barcin rana. Bari in matsa da abin nan kusa da ƙofa. Ka ji? Wannan muryar 'yarka ce, ba ka taɓa jin ta yi magana ba. "Mama" take cewa. Ba da ni take ba, ƙofar waje take kallo.

Bari in je in ɗauke ta. Za ta ture ni, amma zan ɗauke ta.